Kunnuwan Falke da Ɗauko Ƙanena daga Guangzhou

Daga Rano zuwa Legas

Na bar ƙauyenmu da ke gefen Rano kafin kiran sallar asuba. Inna ta rako ni bakin zaure da fitila a hannu. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Garba, ka kawo mini shi da ransa." Na ce to.

Habu take nufi, ƙanena, autanmu. Shekara bakwai yana Guangzhou yana aikin sito, yana tattara wa 'yan kasuwarmu kaya ana lodawa a kwantena. Saƙo ya zo cewa ciwon hanta ya kwantar da shi, likitan can ya ce a kai shi gida tun jirgi na iya ɗaukarsa. 'Yan uwa na can sun haɗa masa tikiti, ya ƙi tahowa. Ba wanda ya gaya mana dalili.

Ni farauta na yi tun ina saurayi, a dajin Falgore, da karnuka. Namun suka ƙare, sanƙarau kuma ya kwashe mini mata da 'ya'ya biyu a bazara ɗaya. Daga nan na koma gadin shagon wani Alhaji a Kantin Kwari. Shi ne ya sa sunana cikin masu raka shi baje kolin Guangzhou, aka ba ni biza. Shekarar da China za ta karɓi wasannin Olamfik ce, ana ta cewa biza ta fara wuya.

Motar kasuwa ta sauke ni Kano da hantsi. Muka hau jirgi zuwa Legas, daga Legas zuwa Addis Ababa. A can muka yi zaman jira a kan benci har bayana ya ƙage. Jirgi na uku ya tsaya a Bangkok, ba mu sauka ba. Abincin jirgi shinkafa ce da kaza a ɗan kwano, ba gishiri. Na ci don kada in faɗi.

Filin jirgin Guangzhou

Mun sauka da rana ana yayyafi. Iskar garin a jiƙe take, kamar an rufa maka tsumma mai ɗumi a fuska. A wurin karɓar kaya wani jami'i ya zo da kare a igiya. Ban taɓa ganin irinsa ba. Tsayinsa bai wuce gwiwata ba, fari ne da dabbare-dabbaren ja mai duhu, gashi har bayan ƙafafu, kunnuwa sun zubo kamar ganyen taba. Hancinsa bai bar ƙasa ba, jelarsa ba ta daina kaɗawa ba. Ya zo jakata ya zauna. Aka buɗe, aka cire kilishin da Inna ta ba ni in kai wa Habu. Kuka da daddawa suka jujjuya, suka mayar mini.

Na ce wa Alhaji, "Wannan da a daji yake, ba a kwana da yunwa."

Ya ce, "Kai dai ɗauki jakarka mu wuce."

Titin Liuhua

Alhaji ya sauka a wani otal a titin Liuhua, kusa da tashar jirgin ƙasa. Mutane kamar ƙasa, kowa na jan kwali a kan baro mai ƙafa biyu. Na ji Hausar Kano, na ji ta Nijar, na ji ta Gana, duk a bakin ƙofa ɗaya. Nan Laminu ya same ni. Ɗan Maraɗi ne, abokin Habu, yana da 'yar motar ɗaukar kaya, yana jin yaren China. Ya kai ni wurin wasu Musulmin ƙasar masu farar hula, masu jan taliya da hannu. Aka ba ni tsinke biyu, na ce a kawo cokali.

Na ce, "Me ya hana shi tahowa?"

"Yaya Garba, ci taliyarka tukuna."

"Na ci. Faɗa mini."

"Kare."

"Kare ya cije shi?"

"A'a, kare gare shi. Ya ce ba shi tahiya sai ya ga inda karen zai zamna. Mun yi magana har mun gaji. Limaminmu ma ya je, ya dawo."

Na tashi na ce mu je.

Sito

Siton yana bayan gari, ta arewa, cikin layin wasu situna masu ƙofar ƙarfe. Ɗakin Habu yana sama. Bangon ɗakin gumi yake yi, ruwa na gangarowa kamar an watsa. Laminu ya ce haka garin yake a wannan lokaci, ko tufafi ba sa bushewa.

Ban gane Habu ba da farko. Hannuwa sun zama kara, ciki ya kumbura, idanu rawaya. Ya yi ƙoƙarin tashi, na ce zauna.

"Yaya, kai ne a China? Wa ya bar maka gadin?"

"Inna ta ce ka taho."

"Ina zuwa."

"Yaushe?"

Habu ya ce wa Laminu ya nuna mini Falke, karen nasa.

Karen yana ɗaure a ƙarƙashin matakala. Irin na filin jirgi ne sak, sai dai wannan ya lalace. Tun da Habu ya kwanta ba mai fita da shi, Laminu ke ajiye masa abinci in ya leƙo. Gashinsa ya cure, kunnuwan suna wari tun daga nesa, yana girgiza kai yana sosawa da ƙafa. Na matsa kusa. Bai yi haushi ba. Ya ɗauko wani tsohon silifa a baki ya ajiye mini a kan ƙafa, ya zauna yana kallona. A wurinmu karen da bai yi wa baƙo haushi ba, ba a ɓata masa dusa.

Na koma sama na ce, "Saboda wannan ne?"

Habu ya ba ni labari a hankali, yana hutawa. Mai siton na da ne ya tashi ya bar karen a kwali yana ɗan kwikwiyo. Habu ya ɗauka don tausayi, ya ce zai yi masa gadi. Bai taɓa gadi ba ko sau ɗaya. Saboda shi 'yan uwa suka daina haɗa ɗaki da Habu, suka sa masa suna Habu Mai Kare. Ba ya barin sa ya shiga inda yake salla, kwanonsa daban. Duk da haka mutane suka ja baya.

Ya ce, "Yaya, shekara biyar ba wanda yake murna in na dawo sai shi."

"Inna fa?"

"Inna tana da ku. Shi ba shi da kowa."

"A kwance shi a titi, Allah ya ba shi sa'a."

"Ba zai kwana biyu ba. Ba ya gudun mutum, duk wanda ya kira shi bi zai yi. Ko masu kwashe karnukan titi su ɗauke shi, ko masu miya da naman kare."

Na ce to a tafi da shi gida. Laminu ya ce sun tambaya, takardun kare sai an yi watanni, Habu kuma ba shi da watanni, bizarsa ma ta kusa ƙarewa kuma ba a sabuntawa bana. Amma akwai mafita, in ji shi. Wata mai masana'antar jaka a Shiling, wadda Habu ke kai wa masu saye, ta taɓa ganin karen lokacin yana da kyau, ta ce tana so wa 'yarta. Gobe za mu kai mata. In ta karɓa, jibi jirgi.

Baƙin mai

Da safe na duba kunnuwan, na ga ba za a kai wa mutum abu yana wari haka ba. Mu a farauta kunnen kare ba ya daɗewa. Tun yana kwikwiyo muke yanke shi, don ƙaya, don ƙuda, don kada gwaggon biri ya sami abin kamawa. In miki ya fito kuma, baƙin mai ne maganinsa. Haka na gani wurin ubana, haka na yi wa karnuka sun fi ashirin, ba wanda ya mutu.

Na je wurin wani bakanike a ƙarshen layin, na nuna masa da hannu, ya zuba mini a gwangwani. Na danne karen tsakanin ƙafafuna, na tsiyaya masa a kowane kunne, na murza har waje. Bai cije ni ba, kuka kawai yake yi a hankali. Na fito da aska don in rage ruɓaɓɓen gefen, sai ga Laminu.

"Yaya Garba, mi za ka yi?"

"Gyara."

"Ajiye askar nan don girman Allah. Kunnen nan shi matar ta gani ta so. In ka yanke, mi ya rage? Ɓera?"

Na mayar da aska. Muka goge man da ke waje da tsumma. Na ciki kuwa ba wanda ya tuna da shi. Habu yana barci, ban tashe shi ba.

Shiling

Tafiyar kamar awa ɗaya ce ta babbar hanya. An tsayar da mu sau ɗaya, aka duba fasfo, aka leƙa bayan mota, ɗan sandan ya ga kare ya yi murmushi ya ce mu wuce. Shiling gari ne na fata da gam. Ko'ina ka juya keken ɗinki ne da tulin yankakken leda, warin gam har cikin maƙogwaro.

Matar ta karɓe mu a ɗakin da take nuna samfuri. Ɗaki ne fari, jakunkunan mata jere a kan katako daga ƙasa har sama, yawancinsu farare da masu ruwan madara. Laminu ya ce mata "lawban", wato maigida, ta ba mu shayi a ƙananan kofuna. 'Yar ta fito, ta durƙusa ta miƙa wa karen hannu. Ya lashe. Ta sosa masa gindin kunne.

Nan ya girgiza kai. Karen gida in ya girgiza kai ba abin da ke faruwa. Wannan kunnuwansa dogaye ne, suka riƙa kaɗawa kamar ana fiffita wuta. Baƙin man da ke ciki ya fito ya watsu. Ya sami rigar yarinyar, ya sami fuskarta, ya sami layi uku na jakunkuna. Ya tsaya, ya sake girgizawa.

Yarinyar ta fashe da kuka. Matar ta ɗaga kunne ɗaya da yatsa biyu, ta leƙa, ta saki. Ta yi magana mai tsawo da ƙarfi. Abin da na riƙe "buyaw, buyaw". A mota Laminu ya ce ma'anarsa ba ta so. Sauran kuma ya ce ba sai ya fassara ba.

Muna hanyar dawowa karen ya karkatar da kai gefe ɗaya, yana kuka ba tsayawa. Laminu ya juya mota ya ce sai wurin likitan dabbobi.

Wurin likita

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana, ni ma haka. Ta wanke kunnuwan, abin da ya fito ba na faɗa. Ta aske curarren gashin. Ta tambayi wanda ya zuba mai, na ɗaga hannu. Ta kalle ni, ta ci gaba da aikinta. Laminu na fassarawa.

Ta ce sunan irinsa sifaniyal, nau'in da ake kira sifringa. Turawan Ingila suka fitar da shi don farautar tsuntsu. Aikinsa ya shiga ciyawa ya tayar da tsuntsu, in an harbo ya ɗauko ko cikin ruwa ne. Kunnen da ya zubo yana rufe ramin, iska ba ta shiga, danshi na zama, shi ya sa yake ruɓewa. Ana ɗaga shi a duba, a goge da auduga, in ya shiga ruwa a busar. Mai kuwa ƙara toshe shi yake yi. Gashinsa na son tajewa, in ba haka ba ya cure ya ɓoye kaska. Yana son gudu kullum, safe da yamma. In aka ɗaure shi shi kaɗai, zuciyarsa ke fara lalacewa kafin jikinsa. Ba a dukansa, tsawa ma ta yi masa yawa. Ba a cika masa kwano, don bai san ƙoshi ba.

Ta ba mu maganin ɗigawa da ƙwaya. Ta ce da ciwon farko ne kawai, da kwana kaɗan ne. Yanzu sai ya fi mako kafin a iya nuna shi ga wani.

Na gaya wa Habu abin da na yi da bakina. Ya ce, "Baƙin mai, Yaya?" Ya fara dariya, dariyar ta taɓa masa ciki, ya dafe. Da ya lafa ya ce, "Ba karen Falgore ba ne." Aka ɗaga tikiti. Alhaji ya gama sayayyarsa ya koma gida, ya bar mini kuɗin abinci.

Makon jinya

Na zama mai jinya biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Da safe in dama wa Habu kunu, ya sha cokali uku ya ture. In sauko in ɗiga wa Falke magani, in taje shi, in fita da shi bakin wata magudanar ruwa da ke bayan situnan. 'Yan sanda sun tsayar da ni a can sau biyu. Na riƙa ɗaure fasfo a ƙugu kamar laya.

A nan na san karen. In yana tafiya ba ya miƙewa, dama da hagu yake yi, yana share ƙasa da hanci, kuma ba ya nisa, kowane ɗan lokaci sai ya waiwayo ya ga ina nan. Karnukanmu in sun ga nama sun manta da kai. Wannan da kai yake farautar. Duk abin da ya tsinta sai ya kawo, robar ruwa, safa, gawar ɓera. Habu ya ce in ba shi ƙwai in gani. Na ba shi ɗanye. Ya hau da shi matakala har bakin ƙofar ɗaki, ya ajiye, ko tsagewa bai yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofar, don ya san iyakarsa. Habu ya miƙo hannu daga katifa, tsakaninsu taku biyu, suna kallon juna.

Karen na warkewa, Habu na raguwa. Ya fara barci da rana tsaka yana cikin magana. Hannunsa ya fara rawa. Wata rana ya kira ni da sunan Babanmu. Laminu ya ja ni waje ya ce, "Yaya Garba, masu jirgi ba su ɗaukar wanda bai taka da ƙahwarsa ba. In ya wuce haka, nan za mu rufe shi."

Muka nemi mai karɓa ko'ina. Mai gadin layin ya ce "meyo", wato babu wuri. Bakaniken ya ce yana so, Laminu ya tambaye shi me zai yi da shi, ya yi dariya, muka tafi. 'Yan uwanmu a wurin cin tuwo suka ce, "Malam Garba, mun ɗauka ka zo raba shi da karen ne, ashe kai ma ya kama ka."

Na yanke shawara ni kaɗai. In fita da shi, in kai shi nesa, in sake shi, in dawo in ce an samu. Na ɗaura masa igiya. Habu ya ji ƙarar ƙofa ya kira ni. Ranar hankalinsa garau yake.

"Ina za ku?"

"Wani ya ce yana so."

"Waye?"

Na kalli igiyar da ke hannuna.

"Yaya, ban taɓa jin ka yi ƙarya ba, kada ka fara a kaina. Duk inda za a kai shi, da ni za a je. In gani da idona."

Na ce, "Uwarka na zaune tana jira, kai kana nan kana mutuwa saboda kare."

"Na sani."

"To?"

"Na sani, Yaya."

Na kwance igiyar. Na zauna a matakala har azahar.

Nansha

Laminu ne ya samo. Yana da kwantena da za ta fita ta tashar ruwan Nansha, direban babbar motar da ke kai masa kaya ya ce mahaifinsa na da tafkin kifi da gonar ayaba a can kusa, tsuntsaye sun dame shi, kuma tsohon shi kaɗai yake zaune tun da matarsa ta rasu.

Muka shimfiɗa wa Habu katifa a bayan motar. Ni da Laminu muka sauko da shi. Tafiyar ta kudu ce, ta fi ta Shiling nisa, gada bayan gada. Gine-gine suka ƙare, sai ruwa da rake da ayaba, daga nesa kuma ƙarafan loda jirgi tsaye cikin hazo. Karen ya kwanta a ƙafar Habu. Ranar ba wanda ya hana shi.

Tsohon gajere ne, ƙafa ba takalmi, haƙoransa saura kaɗan. Bai kalli karen da farko ba, Habu ya kalla. Ya kawo kujera ya ajiye a inuwa, ya kawo ruwan zafi. Sannan ya ce a kwance igiya.

Falke ya tsaya kamar bai yarda ba. Habu ya ɗaga yatsa ya nuna masa ciyawar bakin tafki. Ya tafi. Ban ƙara ganinsa ba sai motsin ciyawa, dama, hagu, dama. Balbelu suka tashi. Kajin ruwa biyu suka tashi. Ya faɗa tafkin gaba ɗaya, ya yi iyo har tsakiya, ya dawo da wani guntun gora a baki. Ya wuce ni, ya wuce tsohon, ya ajiye wa Habu. Na yi shekara talatin da karnuka, ban ga kare cikin farin ciki irin wannan ba.

Habu ya ce a ba shi tsumma. Ya ɗaga kunne ɗaya, ya goge ciki a hankali. Ya miƙa wa tsohon tsumman ya nuna masa ɗayan. Tsohon ya durƙusa ya goge. Habu ya ce Laminu ya gaya masa: kada ya ɗaure shi, kada ya dake shi, ya bar shi ya kwana inda zai ji motsin mutum. Tsohon ya nuna barandar da gadonsa yake. Habu ya ce a tambaye shi ko yana cin kare. Laminu ya ce, "Wannan ba ni tambaya." Habu ya ce, "Tambaye shi." Ya tambaya. Tsohon ya ce da can ya ci, lokacin yunwa. Ya ce ba a cin abokin aiki.

Habu ya ce, "Shi ke nan. Mu tafi."

Tsohon ya rungume karen ta ƙirji. Muka tada mota. Kukan ya biyo mu har kan titi. Habu bai ɗaga kai ba, ya juya fuska ga bangon mota.

Komawa

Ranar tafiya na sa masa babbar riga don ta rufe cikin, da baƙin tabarau don idanun. Laminu ya kai mu filin jirgi, ya ce, "Habu, in ka faɗi a gaban mutanen nan ba ni yahe maka." Habu ya ce, "Ka riƙa leƙa shi." Laminu ya ce to, ya juya da sauri.

Daga ƙofa zuwa wurin buga fasfo tafiya ce da yaro zai yi a guje. Mun yi ta kamar masu tsallaka kogi. Na sa hannuna ƙarƙashin rigar na riƙe ɗamararsa, nauyinsa duk a kaina, daga waje kamar muna hira. Jami'in ya ce a cire tabarau. Ya kalli idon, ya kalli hoton, ya daɗe. Ya buga.

A jirgi ya yi barci. A Addis Ababa na ba shi ruwa ya sha, ya tambaye ni ko mun iso Kano, na ce saura. Daga nan maganarsa ta fara cakuɗewa, wani da Hausa wani da yaren China. A Legas sai a keken marasa lafiya aka sauko da shi. Ban tsaya neman jirgin Kano da zai ƙi mu ba, na sami wata motar da ta kawo kaya za ta koma arewa, direban ɗan Bichi ne, ya ba mu kujerar baya. Ya tambaye ni, "Baba, zai kai kuwa?" Na ce tuƙa. A kowane shinge in ɗaga masa kai su ga yana numfashi. Mun kwana a hanya. Tun daga Kaduna bai ƙara cewa komai ba.

Gida

Mun shiga ƙauyenmu da azahar. Maza huɗu suka ɗauke shi zuwa ɗakin Inna. Idonsa a buɗe, amma bai san inda yake ba. Ta kira sunansa, bai juyo ba. Ta kalle ni ta ce, "Haka ka same shi?"

Na ce, "A'a. Da na je yana magana. Mun yi jinkiri."

Ba ta tambayi dalili ba. Ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta, ta riƙa ba shi labarin gari, wanda ya mutu, wanda ya haihu, rijiyar da ta rufta, kamar yana amsawa. Har la'asar tana yi. Ina zaune a bakin ƙofa na ji ya ce, "Inna, ruwa." Ta ɗebo a randa da moɗa, ta ba shi da hannunta. Ya haɗiyi kaɗan.

Bai sake magana ba. Ranar Juma'a da safe ya cika, muka kai shi kusa da Babanmu.

Godiyata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ga Alhaji da ya buɗe mini hanya, ga Laminu da bai gaji da mu ba, ga direban nan ɗan Bichi, da tsohon Nansha wanda ban riƙe sunansa ba. Allah ya biya kowa.

Bayan sadakar uku wani maƙwabci ya same ni a zaure, ya ce ya san lokacin bai dace ba, amma mutum ya je har China, me na zo da shi. Na ce ƙanena.